Farantin da Alhaji Bawa Bai Taɓa Ba

Ku da kuke cewa rakiyar baƙi ba komai ba ce illa yawo a mota mai sanyi da cin abincin banza, ku gyara zama. Jiya ma a wurin mai shayi a unguwar Madinat Nasr na ji ɗayanku yana cewa, "Ai Malam Tukur ya huta, kullum yana yawon buɗe ido, kuma a biya shi." To, madalla. Shekara ashirin da 'yan kai ina wannan hutun a Alƙahira. A cikinsa gwiwata ta hagu ta tafi, a cikinsa kuma na kusa kashe wani dattijo da yunwa, alhali kwana biyu ina sa ana ajiye abinci a gabansa. Zan ba ku labarinsa, amma sai kun fara sanin mene ne aikin, in ba haka ba ba za ku gane inda na yi kuskuren ba.

Aikina na farko, wani ɗan kasuwa ne daga Kano ya zo sarin jallabiyoyi, aka ce ga ɗalibi mai jin Larabci ya raka shi kasuwar Ataba. A lokacin karatu ya kawo ni garin nan kamar ku, ina kuma ji da kaina. Na shige gaba ina ta zuba masa bayani, ga titi kaza, ga masallaci kaza, sai da na waiwaya na ga ashe da wani Bamisire mai ɗauke da katifa nake magana. Baƙona ya ɓace. Awa ɗaya da rabi ina kai da kawowa cikin cunkoso, gumi har cikin takalmi, kafin na same shi zaune a shagon wani mai sayar da fitilu, an ba shi kujera da ruwa. Wanda ya zaunar da shi wani tsohon jagoran baƙi ne, Ammu Sabri. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne ɗan rakiyar? Gobe ka zo ka same ni, kafin ka ɓatar da wani."

Shekara biyu na yi a bayansa. In na ce a bayansa, a bayansa nake nufi, don watannin farko bai yarda na yi gaba ko na buɗe baki ba. Shi ne mai katin jagora, domin katin nan 'yan ƙasa ake ba wa, har gobe kuma ni ɗan rakiya ne mai fassara, in za a shiga wurin tarihi sai da mai kati. Abin da ya fara koya mini ba sunan Fir'auna ko ɗaya a ciki. Banɗaki ya fara koya mini. Wane masallaci ne ke da wurin alwala mai tsabta, wane kanti ne zai bar mace ta shiga ta kama ruwa ba tare da ta sayi komai ba, ina ne inuwa take da ƙarfe ɗaya na rana. Bayan wannan sai ƙafa. Yakan ce, "Ya Tukur, bakin baƙo maƙaryaci ne. Zai ce maka tamam, tamam, wai lafiya lau. Kalli ƙafarsa." In baƙo ya fara jan diddige, ko yana canza ƙafa a tsaye, an gama da shi, ka nemo masa kujera ko da saura ɗaki ɗaya a gama gidan tarihi. Allah ya jiƙan Ammu Sabri. Duk abin da ya sani ya ba ni, bai rage ba. Amma shi Bamisire ne, akwai abin da ba zai iya koya mini game da Bahaushe ba, wannan ni ya kamata in zo da shi daga gida.

Kayan aikin duka ga su nan cikin jakar da kuke yi wa dariya. Akwai ƙaramar buta, don dattijon Bahaushe ko a otal ɗin masu kuɗi na unguwar Zamalek ka kai shi sai ya tambaye ka buta. Akwai darduma mai naɗewa, da laima, da awon tela. Awon nan kada ku raina shi. Mutanenmu ba sa zuwa da lambar takalmi, da zare suke zuwa. Hajiya za ta kwance bakin gyale ta fito da zarurruka goma sha, kowanne an ƙulla shi daidai tsawon ƙafar wani jika, ta ce wannan na Ummi ne, wannan na autan Sadiya ne, kai kuma ka tsuguna a gaban mai shago kana aunawa yana kallonka kamar ka zo da tsibbu. In ka rikita zare ɗaya, ka haɗa faɗa a wani gida a Gusau. Sai dabino, wanda yake aljihun gaba. Shi daga baya ya shigo jakar, za ku ji dalili.

Baƙin kuwa iri-iri ne. Ɗan kasuwa ba ruwansa da tarihi, ka kai shi kasuwar Muski ka kawo shi, khalas, an gama. Wanda ya zo ganin likita yana son ya ga kogin Nilu ne kawai kafin a shiga da shi, sai ka samo masa benci a bakin ruwa ka yi shiru. Ango da amarya hoto suke so, a kan raƙumi, a cikin felluka, wato ƙaramin jirgin ruwan nan mai tafiya da iska, kuma in amarya ba ta yi kyau a hoton ba laifinka ne. Akwai masu cewa da rana a kai su masallatan tarihi, da magariba ta yi kuma su matso su rage murya su ce, "Malam, ina ake ɗan shaƙatawa ne a garin nan?" Waɗannan nakan kai su jirgin cin abinci na kan kogi inda ake kiɗa da rawar masu juyi da faffaɗan siket, in ce iyakar sanina ke nan.

Sai shekarar da annoba ta sa aka rufe filayen jiragen sama. Ba baƙo ko ɗaya. Raƙuman Ahram, wurin dalolin Fir'auna, suka rame, masu su suka koma sayar da kayan miya. Ni kuma na koma ɗaure kwalaye a wani shagon aika kaya a unguwar Faisal, inda nake zaune da iyalina. Ranar Juma'a nakan fita ni kaɗai in taka hanyoyin da nake bi da baƙi, don kada ƙafata ta manta, in tarar wane ya rufe shago, wane ya rasu. Da aka buɗe hanya aikin bai dawo da wuri ba. Wannan ya sa da babban aiki na farko ya zo, na karɓe shi hannu biyu, na kuma ƙudurta ko me mai aikin ya ce zan ce masa to. Nan kuskurena ya fara.

Mai aikin sunansa Kabiru, injiniya ne a Hamburg ta ƙasar Jamus. A barikin soja a Legas ya tashi, ya bar Nijeriya yana ɗan shekara goma sha tara, Hausarsa tana nan daram amma akwai abubuwan da ba a taɓa zaunar da shi an faɗa masa ba. Ya auri Asma'u, 'yar wani dattijo mai suna Alhaji Bawa, tsohon mai sayen hatsi daga wani ƙauye a bayan Funtuwa. Wakilai ne suka ɗaura auren, shi da surukinsa sau ɗaya tak suka taɓa haɗuwa. Da Asma'u ta haihu suka so tsohon ya je Jamus ya ga jikansa, takardar biza ba ta samu ba, sai suka yanke a haɗu a Alƙahira. Suka kama gida na mako guda. Asma'u tana gida da jariri, ni kuma aikina in zaga da Kabiru da Alhaji.

Ranar da muka haɗu Kabiru ya miƙo mini takarda cikin leda mai santsi. Wallahi ban taɓa ganin irinta ba. Ya ce a can garinsu haka ake yi wa baƙo: da safe shan iska, da hantsi gidan tarihi, da la'asar kasuwa, da yamma wurin shaƙatawa. Ya zauna ya tsara wa Alƙahira irin wannan, kowane abu da ƙarfensa da mintinsa, har lokacin salla da na cin abinci.

"Malam Tukur," ya ce, "shekara uku ina auren 'yarsa ban taɓa miƙa masa ko ruwa ba. Ina so a makon nan in yi masa hidima da hannuna. Duk inda ya zauna ina gefensa."

Na ce, "Allah ya ba da lada." Abin da na ce ke nan, ni ɗan Haɗeja da aka haifa aka raina a gidan da surukai suke.

Kafin mu fita Asma'u ta leƙo ta ce, "Malam, Baba yana da ciwon suga. Yana shan ƙwayarsa safe da yamma, ba ya fashi. Don Allah a kula da cin abincinsa." Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan ai aikina ne.

Alhaji Bawa dogo ne siriri, mai farin gemu, ba ya son yawan magana. A rana ta farko muka yi gidan tarihi da ganuwar birni. Ina bayansa ina kallon ƙafarsa yadda aka koya mini, ƙafa lafiya lau, ya ma fi ni taku. Da azahar muka zauna cin abinci. Kabiru ya ja kujera ya manne da shi, ya zuba masa ruwa a kofi, ya yayyanka masa nama, ya tura masa faranti.

"Baba, bismilla."

Alhaji ya kawar da kai wajen taga ya ce, "Alhamdu lillahi. Ku ci."

"Baba, ko ɗan kaɗan."

"Na ƙoshi."

Kabiru ya ci nasa a gabansa hankali kwance, yana ba shi labarin sanyin Jamus. Ni ma na ci nawa. Na ga farantin ya koma yadda ya zo, kofin ruwan ma ba a taɓa ba, sai na ce a raina abincin Misirawa ne bai karɓe shi ba, ba shi ne na farko ba. Da muka tsaya sallar la'asar na hango shi a wurin alwala yana kai ruwa baki da tafin hannu, sau biyar, sau shida. Na ɗauka kurkure baki yake. Ashe sha yake yi.

A rana ta biyu na ce bari in yi dabara. Akwai wata baiwar Allah 'yar Maraɗi a Faisal mai yin tuwon shinkafa da miyar kuka a gidanta, na roƙi Kabiru ya bar ni in sauya wurin cin abincin rana. Da ƙyar ya yarda, don zai ci mana minti ashirin. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo tuwo yana tururi, da man shanu. Na ga maƙogwaron Alhaji ya motsa. Kabiru ya zauna gwiwa da gwiwa da shi, ya wanke hannu, ya ce su ci kwano ɗaya. Alhaji ya ciro carbi ya ce, "Ku ci, ni na ƙoshi."

Da na fita biyan buƙata matar ta tare ni a bakin madafa, ta ce, "Malam, wannan saurayin ba mijin 'yarsa ba ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ta ce, "To?"

Ta tsaya tana kallona, ludayi a hannu. Ni kuwa idona na kan agogo, don takarda ta ce ƙarfe uku muna kasuwar Khan. Na ce, "To me, Hajiya? Sauri muke." Na wuce. Matar nan ta ba ni amsa a tafin hannu na ture.

Ku da kuka taso a birni wataƙila sai an fassara muku. A wurin mutanen da, musamman na karkara, suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ba ya shan ruwa, ba ya ma son a ga bakinsa yana motsi. Yaron ne ya kamata ya fara jin kunya ya ba da wuri. In yaron bai sani ba, babba ba zai buɗe baki ya ce tashi in ci ba, har abada. Mahaifina haka ya yi da mazan yayyena, in ɗayansu ya shigo zaure ana cin tuwo sai a rufe kwano. Na san wannan tun ban san karatu ba. Zaman Masar ne ya goge mini shi, inda suruki da suruki suke yagar gurasa ɗaya suna musun ƙwallo.

Abin da ya riƙe Alhaji a rana ta farko shi ne 'yarsa. Da safe takan kai masa koko ɗakinsa, da dare ta kai masa tuwo ta ja ƙofa. Amma a rana ta biyu takarda ta ce abincin dare a jirgin kan kogi za a ci. Aka jera abinci iri-iri a dogon tebur, ana kiɗa, Kabiru ya ciko faranti biyu ya kawo. Alhaji ya kalli fitilun gari a kan ruwa har aka gama. Da suka koma gida Asma'u ta riga ta yi barci da jariri, ta ɗauka an ci a waje. A rana ta uku kuma takarda ta ce a fita da an idar da asuba don a riga zafi zuwa Ahram, dalolin nan na Fir'auna, karin kumallo kuma a cikin mota. Kabiru ya shigo da ƙullin gurasa da ƙwai, ya zauna a kujerar baya kusa da surukinsa. Ku lissafa da kanku. Tun kokon safiyar jiya babu abin da ya shiga cikin dattijon nan sai ƙwayar suga, ta dare da ta safe, don ita a ɗakinsa yake sha.

Wajen ƙarfe goma muna kan tudun da ake tsayawa a ga dalolin uku a jere. Mai katin da na ɗauko yana bayani, ina fassarawa. A karo na farko na ga ƙafar Alhaji ta canza, yana taku kamar mai tafiya a kan katifa. Na matsa na ce, "Baba, a samo kujera?"

Ya ce, "Lafiya lau."

Muryar ba tasa ba ce. Na dubi fuskarsa, gumi ya jiƙe hula har yana ɗiga daga gemu, hannunsa yana rawa, carbin ya faɗi cikin yashi bai ma sani ba. Kafin in kai hannu gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Ni da Kabiru muka tare shi, muka kai shi inuwar motarmu muka jingina shi da taya.

Direbanmu, Usta Ramadan, shi ma mai ciwon suga ne. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce, "Sugansa ya faɗi! Yaushe rabonsa da abinci? Yalla, maza a ba shi zaƙi yanzu, yanzu!" Ya ciro butar shayinsa, ya tsiyaya a kofi, ya antaya sukari ya juya da yatsa. Kabiru ya karɓe kofin, ya durƙusa, ya tallafo kan surukinsa.

"Baba, sha. Don Allah, Baba, sha."

Idon Alhaji a buɗe yake, yana gani, yana iya haɗiya. Amma ya datse leɓɓansa, ya juya fuska wajen taya. Kabiru ya bi shi da kofin, ya sake juyawa ɗaya gefen. Mutum yana bakin mutuwa, hankalinsa rabi ya tafi, amma wannan abu ɗaya bai tafi ba. A wannan juyin fuskar ne na ga mahaifina yana rufe kwano. Farantin jiya da na shekaranjiya da tambayar 'yar Maraɗi duk suka faɗo mini lokaci guda. Innalillahi.

Ban taɓa ɗaga wa mai aiki murya ba sai ranar. Na fizge kofin na ce, "Kabiru, tashi ka bar nan!"

Ya ce, "Me? Surukina ne fa!"

"Shi ya sa! Tashi ka koma bayan motar can, kada ya gan ka. Tashi, mana!"

Ya tashi yana waiwaye, ya zagaya bayan wata babbar motar 'yan yawon buɗe ido. Na cire babbar rigata na ba Usta Ramadan ya riƙe ta kamar labule. Na ce, "Baba, ya tafi. Ba kowa sai ni." Ya juyo da ido ya duba dama, ya duba hagu. Sannan ya buɗe baki. Ya shanye kofin, aka ƙara wani ya shanye. Wani mai raƙumi ya kawo dabino cikin hularsa, na riƙa ɓare masa yana ci. Bayan kamar minti goma rawar hannun ta tsaya. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ina carbina?"

Muka wuce da shi wani ƙaramin asibiti. Wata likita ta auna shi, ta tambaye mu yaushe ya ci abinci, da ta ji amsa ta wanke mu tas da Larabci, ni na fi shan ruwan faɗan don ni ke ji. Ta ce da mun ƙara rabin awa da wani zancen ake yi. A barandar asibitin Kabiru ya tsaya a gabana, takardarsa a hannu duk ta yamutse.

Ya ce, "Malam Tukur, ka gaya mini gaskiya. Ƙyamata yake yi?"

Na ce, "Ba ƙyama ba ce. Kunyarka yake ji. Kai mijin 'yarsa ne, ba zai ci ko ya sha kana kallo ba."

"Kwana uku? Me ya sa bai faɗa ba?"

"Ba a faɗa."

Ya zauna a kan benci. Can ya ce, "Ni da na zo in yi masa hidima."

Da muka koma gida Asma'u ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta shigar da mahaifinta ɗaki, ta kai masa abinci, ta ja ƙofa. Sannan ta fito ta same ni a bakin ƙofa ina sa takalmi. Ta ce, "Malam, shi bai sani ba. Ni kuma ina ɗaki da jariri, ban san tare suke zama ba. Kai fa?" Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a sana'ar nan, har yau kuma in na tuna ina jin ta. Na ce mata ta yi haƙuri, in suna so su nemi wani ɗan rakiya zan kawo musu. Daga cikin ɗaki Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "A bar mini Malam Tukur."

Sauran kwanakin ni na tsara su, ba takarda. Mukan fita bayan ya karya a ɗakinsa. Kabiru ya koma kujerar gaba kusa da direba. In lokacin cin abinci ya yi, sai ya tuna yana da kiran waya, ya fita, ba ya dawowa sai na leƙa na ɗaga masa hannu. Tun daga lokacin dabino bai bar jakata ba, kuma ba na ɗaukar iyali sai na tambaya tun a filin jirgi: wane ne wane a nan, wa yake auren 'yar wa. Kallon ƙafa bai isa ba, sai ka kalli faranti, ka kalli wanda yake zaune kusa da mai farantin.

Kabiru ya yi duk abin da aka ce, amma jikinsa ya mutu. Ya daina ba da labarin Jamus. Yakan tsaya nesa ya riƙe wa tsohon takalmi a ƙofar masallaci, ya ɗauki ledojin tsaraba, shi ke nan. Alhaji kuma bai ce masa komai ba game da abin da ya faru, ko kallon inda yake ba ya yi.

Ranar ƙarshe muka gama sayayya a kasuwar Khan, zarurrukan jikoki duk an auna an saya. Na kai su wani gidan abinci mai bene. Na hau da Alhaji sama inda ba kowa, Kabiru ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Aka kawo wa Alhaji tantabaru biyu da aka cusa wa shinkafa. Ya wanke hannu ya ci ɗaya a nitse, har ƙashi ya tsotse. Sai ya sa yatsa ya raba shinkafar da ke farantin gida biyu, ya ci rabi, ya bar rabi da ɗaya tantabarar. Ya ɗauki wani faranti ya kife a kai.

Na ce, "Baba, ka ƙoshi ke nan? Ka tuna abin da likita ta ce."

Ya ce, "Na ƙoshi, wannan karon da gaske." Ya tura mini farantin. "Kai wa yaron nan. Ka ce in ji ni."

Na sauko da shi na ajiye a gaban Kabiru, na ce in ji Baba. Ya ɗaga murfin, ya ga rabin shinkafa da sawun yatsu a jiki, fuskarsa ta faɗi.

Ya ce, "Bai ji daɗinsa ba ne? A sake masa wani?"

Na ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Ragowar babba ce. Ba a ba baƙo ita, ba a ba suruki. 'Ya'yan da ya haifa kaɗai yake rage wa."

Ya dube ni, ya dubi farantin. Nasa abincin yana gabansa ko rabi bai ci ba, ya ture shi gefe, ya ture cokali da wuƙa. Ya tashi ya je ya wanke hannu, ya dawo ya naɗe hannun riga. Ma'aikacin gidan ya zo zai ɗauke farantin, a zatonsa na wanki ne, Kabiru ya dafe shi da hannu biyu ya ce masa a'a. Ya ci shinkafar, ya ci tantabarar, ya tsotse ƙashin yadda tsohon ya yi, ya sa yatsa ya suɗe farantin tas. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Malam, mayar masa. Ina so ya gani."